Sifikar da Ta Rufe Muryar Audi

A garin Yankara akwai wani yaro ɗan aji biyar. Shi ne ƙarami a gidansu, shi ya sa kowa ke ce masa Auta. Sunansa na yanka sai a makaranta ake jin sa.

Auta ba mugun yaro ba ne. Yana zuwa aike, yana ba awaki dusa, ba ya fashin makaranta. Aibinsa guda ɗaya ne, yana son a ce nasu ya fi na kowa. In abokinsa Gide ya ce rakensu ya yi tsawo, sai Auta ya ce nasu ya kusa taɓo sama. In aka yabi zakaran wani gida, sai ya ce carar nasu har Faskari ake jin ta.

A gidan akwai kakansa, Baba Mani. A zamanin ƙuruciyarsa makaɗin gangar noma ne. Duk inda aka kira gayya shi ke kaɗa wa manoma, ƙanensa Audi yana yi musu waƙa. Audi ya daɗe da rasuwa. Shi kuma Baba Mani tsufa ya kama shi, idonsa ya yi yana, ba ya gani sai dishi-dishi.

Abu ɗaya ya rage masa na Audi. Wani malamin makaranta ya taɓa ɗaukar kiɗansu a kaset a wurin wata gayya. Daga baya aka juye kaset ɗin a waya. Amma muryar waya ƙarama ce. Baba Mani yakan manna ta a kunne ya yi ta karkata kai, ba ya jin komai sai ɗan bugun ganga.

"Audi na nan ciki," yakan ce. "Shina magana, ni ne ban kama ba."

Wata ranar kasuwar Yankara, da hantsi, sai ga Baffa Nasir ya yi sallama. Shi ɗan Baba Mani ne, ƙanen mahaifin Auta. Yana aiki a Funtuwa a situdiyo, wato ɗakin da ake ɗaukar waƙoƙi da tallace-tallace. Bayansa mai baro ne ya turo kwalaye.

Bayan an gaisa an sha ruwa, Baffa Nasir ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, sifika na kawo maka," ya ce. "Irin wadda muke aiki da ita ce. Kowace da injinta a cikin cikinta. Wuta kawai za a ba ta, a haɗa ta da waya."

"To mi ya raba ta da ta masu biki?" in ji Baba Mani.

"Ta masu biki ihu ta iya. Wannan kuwa ba ta ƙari, ba ta ragi. Abin da aka ɗauka shi take faɗi. In Baba Audi ya yi tari a ranar, za ka ji tarin."

Baba Mani ya gyara zama. Murna ta bayyana a fuskarsa.

Aka buɗe kwalaye. Iri biyu ne, kowane iri tagwaye. Akwai manya, baƙaƙe masu sheƙi, tsakiyarsu rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Akwai kuma ƙanana masu ruwan toka, ba ado ko kaɗan, ba su ma kai bulo girma ba.

"Wani abokina mai shago ne ya ba ni su," Baffa Nasir ya ce. "Wanda ka zaɓa zan bari nan, ɗayan in mayar masa yau."

Auta bai ko dubi ƙananan ba. Tuni a ransa ya hango Gide da sauran yara tsaye a ƙofar ɗaki, baki buɗe.

"Baffa, ai ba sai an gwada ba," ya ce. "Manyan za a ɗauka."

Baffa Nasir ya yi dariya. "Kai da ido kake jin kiɗa?"

Aka shiga da su ɗakin Baba Mani. Ɗakin ƙarami ne, gado da tabarma sun kusa cinye shi. Baffa Nasir ya jera sifikun a kan tebur, ya haɗa su da batirin sola. Sannan ya leƙa bayansu yana murɗa wasu 'yan maɓallai a hankali. Ya kunna wannan, ya kashe, ya kunna waccan, ya sake murɗawa.

"Baffa, me kake yi?" Auta ya tambaya.

"Daidaita su nake. Ka ga wannan maɓallin, na ƙara ne. Wannan kuma na ƙugi, shi ke sa ganga ta yi nauyi. In za a gwada sifika, dole a yi musu adalci. Wuri ɗaya, waƙa ɗaya, ƙara ɗaya. Kunne yana da saurin ruɗuwa. Duk wadda ta fi ƙara, sai ya ɗauka ita ta fi daɗi."

Baffa Nasir ya faɗi haka ne don yaron ya ƙaru. Auta kuwa wani karatu daban ya ɗauka.

Ana cikin haka aka kira sallar azahar. Baffa Nasir ya kama hannun mahaifinsa suka nufi masallaci. Auta ya ce zai yi alwala ya biyo su. Innarsa tana can bayan gida tana tankaɗe.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Auta ya koma ɗakin a guje. Ya murɗa maɓallin ƙara na manyan ya ƙara musu. Ya murɗa na ƙugi har ƙarshe. Ya juya kan ƙananan ya rage musu murya. Ya ce a ransa, "Ai taimakon Kaka nake yi. Babba dai babba ne."

Ya sami sallar a raka'ar ƙarshe.

Da suka dawo, Baba Mani ya zauna a tabarma yana fuskantar tebur. Baffa Nasir ya fara kunna ƙananan. Sautin ya fito siriri, kamar daga gidan maƙwabta. Tsohon ya miƙa wuya, ya sa hannu a bayan kunne.

"Wagga ai ba ta hi wayar ba," ya ce.

Baffa Nasir ya ɗaure fuska. Ya kunna manyan. Nan take ganga ta cika ɗakin, dim, dim, dim. Kwanon rufi ya ɗauki rawa. Wata akuya da ke kwance a ƙofa ta miƙe ta bar wurin.

"To, wagga dai na ji ta," in ji Baba Mani. "A bar mani ita."

"Abin da mamaki," Baffa Nasir ya ce. "Ɗazu ba haka suke ba. Bari in duba."

Auta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma kafin Baffa ya kai hannu, sai ga yaron motar Funtuwa a zaure yana kiransa. Mota ta cika, direba ya ce ba zai jira ba. Kowa ya san ba a son la'asar ta yi wa mutum a kan wannan hanya saboda rashin tsaro. Baffa Nasir ya tattara ƙananan cikin gaggawa ya mayar a kwali, ya yi sallama ya fita.

Washegari Auta ya kwaso abokansa daga makaranta. Ya kunna musu manyan sifikun. Kwanonin Inna suka yi ta kaɗawa a kan kanta. Gide ya dafa ƙirji ya ce yana jin gangar har cikin cikinsa.

"Wannan kaɗan ke nan," in ji Auta. "In na sake ta duka, har Kankara za a ji."

Ranar Auta ya yi tafiya kamar wanda aka ba sarauta.

Baba Mani kuwa, da yaran suka watse, ya ce a kunna masa kiɗan gayya. Ganga ta taso da ƙarfinta. Can ƙarƙashinta akwai wata murya, amma ba a gane abin da take cewa. Tsohon ya matsa kusa. Ya ja da baya. Ya juya kunnen dama, ya juya na hagu.

"Sake mayar da ita farko, abokina," ya ce. Haka yake kiran Auta in suna wasa.

Auta ya mayar. Ba abin da ya sake.

Haka aka yi kwana da kwanaki. Kullum da hantsi Baba Mani zai zauna gaban sifikun, kullum ya tashi ba tare da ya ji Audi ba. Wata rana da ba kowa a ɗakin, Auta ya lallaɓa ya leƙa bayansu don ya gyara ɓarnarsa. Amma ya manta inda maɓallan suke tun farko. Ya murɗa nan, ya murɗa can. In ya rage ƙara sai komai ya dushe. In ya ƙara sai ɗakin ya ɗauki gurnani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Daga nan Baba Mani ya daina cewa a kunna. Ya daina fita zaure wurin hira. Ko tsokanar Auta da yake yi a kan loma ya bari.

Wata safiya Inna ta kai masa koko, Auta yana biye da ita da ƙosai.

"Baba, yau ba za a kunna maka kiɗan ba?" ta tambaya.

"A bar shi, Suwaibatu," ya ce. "Nasiru ya ce sifikar ga ba ta ƙarya. Abin da ke ciki shi take faɗi. Tunda ban ji Audi ba, to kunnena ne ya mutu. Ido ya tahi, kunne ya bi shi. Haka tsufa yake."

Ya faɗi maganar ba tare da ƙorafi ba, ya ɗauki ludayinsa. Auta ya ajiye ƙosan ya fita da sauri. Tausayin kakansa ya kama shi, kunya kuma ta rufe shi. Ya so a yabi gidansu, ga shi ya sa tsoho ya yanke ƙauna da kunnensa.

Ya sami Inna a tsakar gida tana auna dawa da mudu. Ya tsaya yana murza gefen rigarsa.

"Lafiya kake tsaye a kaina kamar mai bin bashi?" ta ce.

"Inna, kunnen Kaka lafiyarsa lau. Ni ne."

Ya faɗa mata komai, tun daga alwalar da ya ce zai yi. Inna ta ajiye mudun ta dube shi.

"Ka san abin da wasu 'yan kasuwa ke yi?" ta ce. "Sukan doki gindin mudu ya lotsa ciki. Mai saye ya ga ya cika har da tozo, ya tafi yana murna, sai ya je gida ya ga tuwo bai kai ba. Abin da ka yi wa kakanka ke nan. Ka ba shi awo da mudun da ka doka."

"Inna, ki faɗa masa."

"A'a. Hannun da ya murɗa, bakinsa ne zai yi bayani. Wuce."

Auta ya shiga ɗakin yana jan ƙafa. Ya durƙusa a bakin tabarma. Maganar ta fito da ƙyar, amma ta fito duka.

Baba Mani ya juyo da fuskarsa wajen Auta. Ya ce, "Ke nan ba kunnena ba ne?"

"Ba shi ba ne, Kaka. Ka yafe mani."

"Mi ya sa ka yi haka?"

"Don su Gide su ce tamu ta fi ta kowa."

"To sun ce?"

"Sun ce."

"Ka ƙoshi?"

Auta ya girgiza kai, hawaye suna zuba.

Tsohon ya laluba ya dafa kansa. "Ka ɓata mani rai, abokina, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka maido mani da kunnena. Na yafe. Saura Baffanka."

Inna ta kira Baffa Nasir ta miƙa wa Auta wayar. Ya sake maimaita laifinsa, karo na uku ke nan, kuma bai ji ya yi sauƙi ba.

"Na yi zargin haka tun a mota," in ji Baffa Nasir. "Ka san wani ya riga ya taya ƙananan? Ban sani ba ko suna nan. Zan je shagon in gani. In an sayar, kai za ka zauna ka yi wa Baba waƙar da bakinka."

Auta bai taɓa jiran ranar kasuwa kamar wannan karon ba. A aji ma hankalinsa yana tasha. Da ranar ta zo, tun da safe yake leƙen hanya. Da hantsi ya hango mai baro, ga kwali a kai, ga Baffa Nasir a baya. Ya ruga ya tare su.

"Saura kaɗan a sayar da su," Baffa ya ce. "Mai sayen ya ce sai ya sayar da waken suya tukuna. Allah ya taimake ka."

Aka sake jera sifikun a tebur. Baffa Nasir ya janye su daga jikin bango, ya daidaita maɓallan, ya sa alli ya yi wa kowane alama. Sannan ya karɓi ɗankwalin Inna.

"Zo nan," ya ce wa Auta. "Baba da kunne yake zaɓe. Yau kai ma haka za ka yi."

Ya ɗaure masa ido, ya zaunar da shi kusa da kakansa.

Aka kunna na farko. Ganga ta fito da nauyinta, mai daɗi, ba irin gurnanin da ba. Ana jin muryar mai waƙa, amma wasu kalmomin suna nutsewa. Aka kashe, aka kunna na biyu. Gangar ba ta kai ta farko nauyi ba. Amma sai ga ƙarar garma tana shiga ƙasa, ga manoma suna amshi, ga wata murya siririya ta taso sarai kamar mai ita yana tsaye a ƙofar ɗaki, tana yi wa makaɗin kirari.

"Ɗan Mairo bugi ganga,
Manoma sun duƙa.
Garma ta kama ƙasa,
Rana ba ta jiran rago."

"Wanne ka zaɓa?" Baffa Nasir ya tambayi Auta.

"Na biyun. Su ne manyan, ko?"

Baffa ya kwance ɗankwalin. 'Yar fitilar da ke nuna sifika tana aiki, a gaban ƙananan take ci. Auta ya buɗe baki don mamaki.

"Manyan ba su da laifi," in ji Baffa Nasir. "A ɗaki mai faɗi sun fi waɗannan. Amma nan wurin ya yi musu kaɗan, ƙuginsu yana dukan bango ya dawo ya rufe murya. Kowane ɗaki da sifikarsa."

"Ku yi shiru," Baba Mani ya ce. Ya ɗaga hannu ɗaya. Waƙar tana ta tafiya, leɓunansa suna bin ta.

Can wajen ƙarshe, gangar ta ƙara zafi. Sai mai waƙar ya tsaya, ya yi tari, ya yi dariya. Aka ji ya ce, "Yaya, rage hannu mana, ka rufe mani murya."

Baba Mani ya fashe da dariya, hawaye suna bin gemunsa.

"Audi ke nan," ya ce. "Kullum ƙorafinshi ke nan. Ni da kai duk laifinmu guda, abokina. Mun cika son ƙara."

Inna ta juya tana share ido da bakin zane. Baffa Nasir ya sunkuyar da kai, don shi ma bai taɓa jin wannan wurin sosai ba.

"Mayar da ita farko," in ji tsohon.

Auta ya mayar. Bai kai hannunsa bayan sifikar ba.

Kafin la'asar Baffa Nasir ya kama hanya da manyan a kwali. Da yamma Gide ya zo da yara biyu, ya leƙa ɗakin ya ga 'yan ƙananan a tebur.

"Ina wadda ake ji har Kankara?" ya tambaya yana dariya.

"An mayar," Auta ya ce. "Dama ni na murɗa ta don ta fi ƙara. Kuma ko bakin kasuwa ba ta kai ba, balle Kankara. Ku shigo ku ji ƙanen Kaka."

Yaran suka zauna a tabarma. Baba Mani ya ba su labarin gayya, da yadda ake jera garemani, da yadda Audi ke zuga rago har ya fi kowa noma. Da aka zo wurin tarin, duk suka yi dariya tare.

Tun daga ranar Auta ya gane cewa ƙara daban, daɗi daban, kuma girman abu ba shi ne amfaninsa ba. Ya kuma gane cewa in an ba mutum zaɓi, ba a taɓa masa mudu a ɓoye. Wanda ya yi maguɗi don a yabe shi, na kusa da shi yake cuta. In kuwa an riga an yi kuskure, faɗin gaskiya shi ne gyara.

Alamun allin suna nan a bayan sifikun har yau. Auta ne ke share musu ƙura, kuma yana kewaye alamun da tsumma a hankali don kada su goge.